Albasar da Na Rabar a Dingyadi

Wani buhu ya suɓuto daga bayan lori, ya faɗo gabana, na dake shi da sabon kekena. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, fitila ta tarwatse, 'yar tutar 'yancin kai da na ɗaura jiya ta faɗa kwata. Lorin ko waiwaye babu, ya miƙe Sakkwato.

Mutanen Dingyadi suka taru suna mini sannu. Zuciya ta ɗebe ni, na farke bakin buhun. Albasa ce, manya-manya.

"Ku kwashe!" na ce. "Mai ita shi ji abin da nij ji!"

Kowa ya cika riga. Wani dattijo, Baba Sodangi, ya ce, "Allah shi ba mai ita haƙuri."

"Kada shi ba shi!" na ce.

Na ɗauki buhun, wayam, zan goge jinin gwiwata, sai na ga faci a gindinsa. Ƙyallen tsohon wandona ne, ɗinkin matata Hasiya. Da asuba na aiki ƙanena Shagari ya loda mini albasata a lorin Sakkwato.

Na dubi dattijon. "Baba, maimaita addu'ar nan."