Rawanin Baffa a Ƙirjin Baba

Da damina ne, shekarar da mazan garinmu suka bar gona suka koma ramin zinariya. Baba bai bi su ba, sai ga shi bijimin huɗa ya tunkuye shi, haƙarƙari biyu suka karye.

Ranar da aka sallamo shi, ina gefen Inna, sai ma'aikaciyar asibiti ta ce: “Kada a ɗaure mashi ƙirji. Shi rungumi matashin kai shi yi tari, ko da zafi, in ba haka ba majina za ta kwanta mashi a huhu.”

Da la'asar Baffa, yayan Baba, ya shigo. Mutumin da ko ƙafar kaza bai taɓa ɗorawa ba. Inna ta faɗa masa abin da ma'aikaciyar ta ce, kanta a ƙasa.

Ya ce, “Mi wagga yarinya ta sani? Ƙashi ya karye a bar shi sake?”

Ya warware rawaninsa mai warin zufa da taba, ya naɗe ƙirjin Baba, ya ja har da sa gwiwa, kamar mai ɗaurin damin gero. Numfashin Baba ya koma guntu-guntu. Baffa ya ce, “Kun gani? Ya bar tari.” Inna ba ta musu da yayan miji, sai ta dube ni kawai.

Har gobe Baffa yana faɗa wa 'ya'yana shi ya warkar da kakansu. Nakan ce, “To, Baffa.”

Washegarin ɗaurin nan da sassafe na kwance rawanin, na miƙa wa Baba matashi, ya yi tari har da hawaye. Rawanin kuwa na ɗaure akuyarmu da shi.