Ranar Shanyar Farare

To Gwadabe, tunda an ba ka riƙon masana'antar fentin nan, har kana tambaya ko dole ne a bar injin tace hayaƙi a kunne kullum, gyara zama in ba ka wani misali. Da idona na gani, ko da yake uwargidana ta ce idon nan nawa ya sha ganin abin da bai faru ba.

A gefen wani gari an yi wani attajiri mai masana'antar haɗa sinadaran jimar fata. Bututunsa na aman wani hayaƙi ruwan ɗorawa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ko ungulu ta zo gilmawa sai ta kewaya ta garin maƙwabta. In ya sauka a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle, sai ya bar masa ɗige-ɗigen da babu sabulun da ke fitar da su. An ce wani farin zakara ya yi kwana uku a unguwar, da mai shi ya kai shi kasuwa sai aka taya shi a matsayin zabo. Kada ka ce attajirin ba shi da injin tace hayaƙi. Yana da shi, sabo fil. Sai dai injin akwai shan mai, don haka sau huɗu a shekara ake tayar da shi, ranar da duba-gari zai zo. Shi kuwa duba-gari mutum ne mai tarbiyya, ba ya faɗo wa mutane gida sai ya aiko da takarda.

A bayan katangar masana'antar akwai wani mai wanki da guga da ya gaji sana'ar daga ubansa, hayaƙin nan kuma yana neman raba shi da ita. Rawanin liman ya lalace a igiyarsa, babbar rigar wani ango ta bi baya. Masu kawo kaya suka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya, har bawan Allah ya fara tambayar yadda ake turin baro a kasuwa. Ana haka sai ya lura da wani abu: duk ranar da ya ga ma'aikata suna shafa wa duwatsun bakin ƙofar masana'anta farar ƙasa, to kashegari za a tashi da sama tas. Daga nan ya daina faɗa da hayaƙi, ya koma gadin duwatsu. Sai ya riƙa tara farare a buhu wata da watanni, yana ba masu su haƙuri, da ya hango bokitin farar ƙasa kuwa sai ya jiƙa su gaba ɗaya. Ba a daɗe ba unguwa ta gano sirrin. Ranar ce mata ke shanya tumatir da kuka da garin tuwo, ranar ce tsofaffi masu tari ke fito da tabarma ƙofar gida. Har iyayen amare suka koma tuntuɓar mai wanki kafin su sa rana.

Saboda haka duk zuwan da duba-gari ya yi, sai ya tarar da unguwa fari fat kamar filin Arfa, kowa na fara'a. Ya auna iska ya ji garau, ya ci abincin da aka shirya masa, ya rubuta lafiya lau, a ransa yana cewa lallai mutanen nan sun iya tarbar baƙo. Sai wata rana shanya ta yi yawa har igiya ta tsallaka titi ta tare masa mota. Ya fito, mai wanki ya rugo ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, don Allah yaushe za ka dawo? Kayan biki aka kawo min, ga shi igiya ta ƙare."

"Baba, me ya haɗa zuwana da wankinka?"

"A'a, ai in ba ka zo ba, mu nan ba ma shanya fari."

Ka lura, Gwadabe, ba ƙara ya kai ba. Lokacin aikinsa kawai yake tambaya. Sai duba-gari ya ciro farin hankicinsa, ya tsoma a bahon wanki, ya rataya a igiya, ya ce kada kowa ya taɓa. Bayan kwana biyu sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, babu takarda babu sallama. Ya tarar da hankicin kamar an goge bakin murhu da shi. Ya ɗauka ya shimfiɗa wa attajiri a kan tebur. Attajiri ya fara ɗora laifin kan iska, ya koma kan masu gidan burodi, ya zarce kan mata masu suyar ƙosai, har yawunsa ya ƙafe. Duba-gari ya ce daga yau igiyar mai wanki ce ma'auninsa, ranar da fari ya yi tabo a kanta, ranar kwaɗo zai hau ƙofar masana'anta. Tun daga lokacin injin bai sake hutawa ba, mai wanki kuwa sai da ya ɗauko ƙanensa daga ƙauye saboda yawan kaya.

Attajirin nan ya yi wa hancin duba-gari tanadi, ya yi wa cikinsa tanadi, amma ya manta mutanen bayan katanga kullum suke numfashi. Kai dai je ka kunna injinka ka bar shi a kunne. Ai Hausawa sun gama magana: ramin ƙarya ƙurarre ne.