Faifan Birki Na Asali

"Kada ka sake nuna min na kwaikwayo!" na daka wa mai kayan mota tsawa. "Na kamfani nake so!"

Makanikena, mijin ƙanwata, shi ya ce faifan birkina ya cinye, wai ya jefar da shi, ya sa min na kasuwa. Jiya saura ƙiris in daki bayan tirela, da yarana a mota.

Mai shagon ya fito da wani. "Ga na asali. Na hannu ne, amma kamar sabo. Wani makanike ke kawo mana."

Na juya faifan. Ga ɗigon jan fentin da nake sa wa duk kayan motata.

"Maigida, a naɗe maka?"

"Naɗe. Yau a gidan ƙanwata zan ci abincin rana."