Hedimasta da Jiƙaƙƙen Wando

Tsofaffin malamai sukan ba da wannan misali ga duk wanda aka ɗora a kujerar shugabancin makaranta. Wai an taɓa turo wani sabon hedimasta zuwa wata firamare a ƙauyen da ke bakin fadamar shinkafa. Tun kafin ya taso, ofishin ilimi ya gaya masa ƙiri-ƙiri: yaran makarantar nan sun yi kaɗan, in mai duba makarantu ya zo ƙarshen zango bai tarar da azuzuwa a cike ba, za a rufe ta a haɗe ta da ta cikin gari. Da wannan magana a ransa ya iso, shi ya sa ya zo da ido a buɗe da kunne a tsaye.

To, mutum ne mai lura. Sati bai zagayo ba ya gane cewa malamansa shida ba mai isowa kafin takwas da rabi. Kuma ba makarar ce kaɗai ta dame shi ba. Duk wanda ya shigo, ƙafar wandonsa jiƙe take har gwiwa, takalmi cike da laka, wani ma da ƙaiƙayi a hula. Ga wata dattijuwar malama, ita ce mafi daɗewa a wurin, kullum bakin zanenta sharkaf. In an fita tara kuma sai su haɗa kai a inuwar ɗorawa suna ƙus-ƙus suna nuna gabas da yamma, da ya doso sai su miƙe su gaishe shi, maganar ta mutu. Sai ya ce a ransa, “Na gano ku. Gonakinku kuke fara zagawa, sannan ku kawo wa makaranta ragowar ƙarfinku. Har rabon wanda zai rufa wa wani asiri kuke yi a gabana.” Daga nan ko dariya ya ji daga ɗakin malamai sai ya ɗauka da shi ake. Ko ƙosai aka miƙo masa, sai ya tsaya tunanin me ake so a rufe masa baki a kai.

Ranar Litinin ya ajiye littafin sa hannu a kan teburinsa, ya ce ƙarfe bakwai da rabi zai ja jan layi, wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin takarda za ta tafi ofis. Zaman gindin ɗorawa kuma ya hana. Dattijuwar malamar nan ta gyara mayafi ta ce, “Ranka ya daɗe, da ka bari an yi maka bayanin safiyar garin nan.” Ya ɗaga mata hannu ya ce, “Malama, agogo ba ya ƙarya. Bayani kuwa na sha shi a wurare da yawa.” Ta dube shi, ta dubi abokan aikinta, ta ce, “To, Allah ya ba mu ikon bi.”

Suka kuwa bi. Washegari bakwai da kwata kowa ya sa hannu, wando a bushe, takalmi na ƙyalli. Hedimasta ya ji daɗi har ya yi ta zagaya fili hannu a baya. Sai dai ajin da yake ɗaukar yara arba'in, ran nan goma sha biyar ne a ciki. Bayan kwana uku suka koma tara. Benci ya yi ƙura, malamai a tsaye gaban allo suna koyar da bango. Maimakon ya tambaya, sai zarginsa ya ƙaru, ya ce ai maƙarƙashiya ce, su ne suka zuga iyaye don su kunyata shi. Haka aka ci sati uku, ba mai ce masa komai sai gaisuwa.

Da abin ya ishe shi, wata safiya ya ɗauki hanya da kansa zuwa unguwannin ƙetaren rafi, don ya kamo shaida. A bakin ruwa ya tsaya, ya rasa inda ake bi. Dole ya naɗe wando ya shiga, ruwa ya kai masa gwiwa. A ƙetare ya tarar da ɗalibansa birjik cikin shinkafa, suna jan igiyar gwangwanaye suna korar tsuntsu. Wani magidanci ya gane shi, ya ce, “Malam, lafiya kuka daina zuwa? Ai tun da sassafe tsuntsu ke sauka, yara na tsaron gona har iyayensu mata su gama aikin gida su karɓe su. Malamanku ne ke zuwa su jira, kowa da unguwarsa, su tattara su, su ƙetarar da ƙananan a kafaɗa. Wa zai saki ɗan shekara shida ya shiga rafin nan shi kaɗai? Da muka ga shiru, sai muka ce ko makarantar ce ta ƙoshi da yaranmu.”

Hedimasta ya juyo da sauri, yana shirya kalmomin ban haƙuri a ransa. Yana isowa ya hangi babur ɗin mai duba makarantu a ƙofar ofis. Mutumin ya riga ya zagaya azuzuwa ya ƙirga kawuna: yara ashirin da shida a makaranta duka. Ya yaba da littafin sa hannu ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin malamai masu kiyaye lokaci irin waɗannan ba. Sannan ya dubi jiƙaƙƙen wandon hedimasta, ya dubi agogo, ya rubuta abin da zai rubuta. Zango na gaba ba a buɗe makarantar ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira akan rasa ido.