Sunana a kan Tsingaro

Mu yara goma ne a layinmu na unguwar Lozells, takwas suka zaɓi a kore ni. Malama ce ta koya mana yadda mutanen birnin Atina na da ke rubuta sunan mutum a tsingaro su kore shi daga gari. Da yamma yaran suka fasa tukunyar furanni, suka rubuta sunana don na hana su ƙwallona. Ana gama ƙirga suka jefe ni da tsingaron, suka tattake ni har haƙorana biyu suka fita.

Mma tana wanke min baki da ruwan gishiri ta ce, "Rabu da takwas ɗin. Wa ya ƙi rubutawa?"

"Sani."

"To, shi za ka riƙe."

Yau ni da Sani muke sayar da motoci a unguwar Perry Barr. Haƙori biyu na biya na same shi, kuma ban yi asara ba.