Tela, Surukinsa da Rijiyar Gado

Kai da kake ganin ba girmanka ba ne ka tsaya kana gaya wa mai kanti irin tishun da ya kamata ya riƙa sayarwa, saurari misalin wani tela. Gidansa ne na ƙarshe a gangaren unguwa, lambatun layin gaba ɗaya ta gindin katangarsa yake bi kafin ya faɗa kwalbati. A tsakar gidan akwai rijiyar da mahaifinsa ya haƙa, ruwanta garai-garai, gida goma sha ɗaya suke sha daga cikinta. Ana dab da faɗuwar damina sai lambatun ya daina gudu, telan ya kira mai yasa. Mutumin ya zura ƙugiya cikin kwalbatin, ya jawo wani abu da ya kai gaba biyu, a murɗe kamar igiyar guga. Ashe tishu ne mai danshi, irin wanda mata suke goge wa jarirai jiki da shi su jefa a kwata. Mai yasar ya ce akwai zaren roba a cikinsa, ko shekara zai yi a ruwa ba ya ruɓewa. Ya ce a garinsu masu kanti sun koma sayar da wani da ake yi da ragowar raken da aka matse da tsofaffin takardu, launinsa ƙasa-ƙasa, yana taɓa ruwa yake narkewa. Ya dubi lambatun, ya dubi bakin rijiyar, ya ce ya buɗe wa ruwa hanya, amma in aka ci gaba da zuba wancan, rijiyar ba za ta ga ƙarshen damina ba.

To, kanti ɗaya ne tak a unguwar, kuma na surukin telan ne, mahaifin matarsa. Shekara tara da aure, telan bai taɓa shan ko ruwa a gaban dattijon ba, in ya hango shi tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Ina zai iya buɗe baki ya yi masa zancen abin goge kashin jarirai? Ya roƙi matarsa ta faɗa, ta ce ita 'yar fari ce, uban nan ko sunanta ba ya kamawa, a rufa mata asiri. Ya zaga maƙwabta, kowa ya yarda a canja tishun, kowa kuma ya ƙare da cewa ai surukinka ne, kai za ka fi mu sanin bakin zaren. Haka ya shirya ya tafi kantin. Ya durƙusa, aka yi gaisuwa har da tambayar keken ɗinki, ya ɗaga kai ya ga ƙunshin tishun nan jere a kan kanta, ga dattawa uku a benci suna sauraro. Da surukin ya tambaye shi me za a ba shi, sai ya ji bakinsa ya ce ashana. Zuwa na biyu ya dawo da sabulu. Na uku kuwa, hadari ya riga ya haɗu a gabas, ya tsaya har gumi ya jiƙa masa riga, ya komo gida da allurar da yake da irinta fiye da ɗari. Kullum da safe sai ya leƙa lambatun ya ga ruwan ya ƙara tasowa, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai faɗa.

Ran wata Talata bayan azahar aka tsuge da ruwa. Kwalbatin ya ƙi karɓa, baƙin ruwa ya juyo da baya ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Telan ya kwashe buhunan ƙyallayen ɗinkinsa ya jera su kewaye da rijiyar, ya cika wasu da yashi, matarsa tana kwarfa da ƙwarya. Ya sa hannu ya auna, saura taki ɗaya ruwan ya kai baki. Ya sake aunawa, saura yatsa huɗu. Yana durƙushe yana danne wani buhu da ƙirjinsa ya ji ƙarar zubar ruwa a can cikin rijiyar, sai ya saki buhun ya zauna cikin taɓo. Kwana biyu bayan haka duba-gari suka zo suka rufe rijiyar da siminti.

Surukin ya zo jaje, ya tsaya a tsakar gidan yana kallon tishun kantinsa manne a jikin katanga. Da maƙwabta suka ba shi labarin abin da mai yasa ya faɗa, sai ya juya ga telan ya ce, "Tun watan azumi mai motar kaya yake kawo mini mai narkewar nan, sau huɗu ina mayar da shi, don na ɗauka za ku ga launinsa ku ce datti nake sayar muku. Kalma ɗaya ta ishe ni, ɗana." A makon ya cika kantarsa da shi, gida goma sha ɗaya kuma suka koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa.

Abin da Hausawa suke nufi ke nan da suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.