Doyar da Mutum Biyu Suka Isa Ɗauka

"Ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa na aike ka," in ji mai garinmu. "Cikin ukun nan, wa zai kayar da Gwamna?"

A gefenmu na tsibirin Pohnpei, ƙuri'a wuri ɗaya take zuwa. Sau biyu muna bin wanda ya faɗi, shekara takwas gadarmu tana karye. Shi ya sa ya tura ni zaman makoki, inda 'yan takara ke kawo doya rataye a itace, a ga kafaɗa nawa kowa ya tara.

"Lauyan nan," na ce masa, "mutum goma sha biyu suka ɗauko tasa. Suna saukewa suka koma mota, ko gaisuwa babu. Mai jiragen ruwa, takwas, duk surukansa."

"Tsohon malamin asibiti fa?"

"Tasa abin kunya ce, ranka ya daɗe. Mutum biyu sun ishe ta."

"Nawa suka ɗauka?"

"Turereniya aka yi ta yi. Ban samu ƙirgawa ba."

"Kai da ko kifin maƙwabci sai ka ƙirga?"

Malamin nan ne ya goya 'yata ya ƙetare kogi da ita ran da numfashi ya gagare ta. Ban taɓa samun abin da zan ba shi ba.

Mai gari ya miƙo hannu ya taɓa jar ƙasar doya da ke kafaɗar rigata.

"Shi za mu bi," ya ce.

Yau ta kan gada 'yata take zuwa makaranta. Rigar kuwa na hana a wanke.